Guduma, Uwar Maƙera da Likkafa

Da ƙarfe goma da rabi na safe, a tashar Sabon Birni, na tsaya bakin tagar wata mota mai zuwa Isa na ba direban saƙon baki. A shekarar ce aka yanke layin waya a yankinmu saboda 'yan bindiga, kowa ya koma aike irin na da. Na ce masa, "Don Allah ka gaya wa Malama Hassu mai koyar da ilimin halittu, guduma da uwar maƙera sun samu, saura likkafa. Za ni kawo su da kaina ranar Laraba." Ya ce to, idonsa na kan masu ɗaura kaya. Daga bakin tagar nan abin ya fara lalacewa.

Dalilin tuno wannan shi ne abin da ya faru makon jiya a ajinmu na jami'a, inda na dawo karatu da girmana. Malami ya nuna hoton ƙasusuwan kunne, ya ce akwai wata a ajin da ta taɓa yin sana'ar fidda su. Wata yarinya ta juyo ta ce, "Anti Saratu, wai dafa kan rago ne aikinki a da?" Aka yi dariya. Wani ya ɗaga wayarsa ya ce yanzu ai komai yana nan ciki. Ni ba ni iya magana cikin taro. Amma ina iya rubutu, kuma ku kuna iya karatu.

Kan farko da na buɗe na ragon layya ne. Malam Bawa ya ajiye mini shi a kan tebur. Shi ya koyar da mu ilimin halittu a sakandare, kuma lokacin da na gama makaranta, hannunsa ya fara rawa, allura ba ta tsayuwa tsakanin yatsunsa. Ya ɗauke ni mai kula da ɗakin gwaji. Ya ce, "Saratu, ido gare ki, kuma ba ki da surutu. Mai surutu hura ƙashi yake ya ɓace." Ba wasa yake ba. Numfashi mai ƙarfi yana iya ɗauke likkafa daga faranti.

Kan da aka babbaka ba shi da amfani, wuta ta riga ta fasa abin da ke ciki. Feɗe shi ake yi, a cire nama da reza, a juya shi ciki sama. Bayan inda muƙamuƙi ke haɗuwa da ƙoƙon kai akwai wani ƙashi mai kumburi kamar ɗan goro. Shi ake yanka da guntun zarto, a hankali, har ya yi sirara, sannan a ɓare shi da allura kamar ɓawon ƙwai. A ciki ɗan ɗaki ne mai iska, da ƙananan ƙasusuwa uku. Guduma tana manne da dodon kunne. Kanta yana zaune kan uwar maƙera. Uwar maƙera ta miƙa ƙafa ta taɓa likkafa, ita kuma likkafa ta toshe wata 'yar taga da ke shiga can ciki. Sauti ya bugi dodon kunne, su ukun su miƙa wa juna. Likkafar rago ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, amma da ramin ta a tsakiya, sak inda mahayin doki ke zura ƙafa. Malam Bawa ne ya dage mu kira su da Hausa. Ya ce ya gaji da yaran da ke haddace sunayen Turawa alhali ba su san abin yana cikin kansu ba.

Kayan aikina ba su cika tasa ɗaya ba: reza, zarto, allurar ɗinki da na kafa a bakin tsinke, matsefatar cire ƙaya da na wasa bakinta a dutse, madubin ƙara girma, buroshin haƙori, rariyar tankaɗe, baƙin ƙyalle, da kwalaben allura da nake roƙa a kemis in wanke. Duk ruwan da ya taɓa kan, sai ya bi ta rariya kafin a zubar. Ba a sa kanwa, tana cin ƙashi. Ba a bari ya tafasa, ɗumi kawai ake so. Ƙananan kawuna kuwa, na bushiya da jemage da gafiya, tururuwa ake ba su share, amma a cikin gwangwani mai ƙananan huda, in ba haka ba su kwashe ƙasusuwan kunnen su shige rami da su. Na taɓa bin layin tururuwa a durƙushe har bayan ɗakin girki ina neman gudumar jemage. Wannan shi ne dafa kan ragon da kuke faɗi.

Kan damo na farko wani maharbi ya kawo mini daga Kurawa, a nannaɗe cikin ganyen tumfafiya. Da na share shi Malam Bawa ya sa na jera shi kusa da na rago, ya ce in ƙirga ƙasusuwan muƙamuƙin ƙasa. Na rago ƙashi ɗaya ne a kowane gefe. Na damo guntaye ne da yawa a harhaɗe. Ya ce in duba kunnen. Damo ƙashi ɗaya gare shi, siriri kamar tsinke, shi ne a matsayin likkafa. Ya ce, "To ina gudumarshi da uwar maƙerarshi?" Na duba ban gani ba. Sai ya kama muƙamuƙin ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe, ya ɗora allurata daidai gaɓar da ke motsi. Ƙasusuwa biyun da damo ke tauna da su, su ne biyun da rago ke ji da su. Mu ma haka.

Ya kawo mini wani tsohon littafi da hotunan da ya yanko daga mujallu. A duwatsun ƙasar Sin da wasu wurare an tono ƙasusuwan dabbobi masu shayarwa na farko, ƙanana kamar jaɓa, waɗanda suka rayu zamanin manyan ƙadangarun da suka ƙare. A wasunsu ƙasusuwan nan suna kwance cikin wani kwari a jikin muƙamuƙi. A wasu sun ja baya zuwa kunne, amma wani siririn guringuntsi yana riƙe da su har yanzu, kamar akuyar da aka sassauta wa igiya ba a kwance ba. Daga baya igiyar ta tsinke, tauna ta rabu da ji, dabba ta iya cin abincinta tana sauraren abin da ke tahowa. Na ce, "Malam, mu ina za mu ga wannan? Ba mu da duwatsun." Ya ce, "Muna da tumaki." Ɗan tayin tunkiya, wajen wata biyu a ciki, guringuntsin nan yana nan kwance tsawon muƙamuƙinsa, kuma ƙarshensa na baya shi ne guduma. Kafin haihuwa ya narke. Ya ce shi sau ɗaya ya taɓa gani da idonsa, yana ɗalibi.

Masu sayen aikina malaman makarantu ne na Isa da Sabon Birni da Unguwar Lalle, da ɗaliban aikin jinya. Kowa yana son ukun a kwalba ɗaya, kan auduga, kuma kowa yana so gobe. Akwai shugaban makarantar da ya dawo mini da kwalba yana faɗa wai na sayar masa da auduga zalla. Na ba shi madubi ya duba. Akwai wanda ya zuba wa ɗalibai su taɓa da hannu, ya dawo washegari neman wata. Wata malama ta ce in rina su ja da kore don su yi kyau a hoto. Malama Hassu ce kaɗai ke zuwa da nata baƙin ƙyallen.

Ɗan tayin kuwa ya ci mini shekaru. Mahauci ba ya yanka tunkiya mai ciki da saninsa, sai dai a tarar. In an tarar ma, ko ya yi ƙanƙanta, ko ya wuce, ko kafin a kira ni karnuka sun riga ni. Na roƙi Baba Jatau, dattijon mahautan kasuwarmu, har ya fara ɓuya in ya hango ni. Yakan ce, "Ga ɗiyar Malam Bawa nan, mai cin abin da ungulu ta ƙi." Malam Bawa ya rasu ba mu samu ba. Wata safiya da damina sai ga Baba Jatau da kansa a ƙofar makaranta, da ƙwarya a rufe. Ya ce, "Amshi, ki bar ni in huta."

Kan ɗan tayin bai fi ƙwan zabuwa ba, ba gashi, goshin a dunƙule. Ba a dafa irin wannan, ba a ba tururuwa. Cikin ruwan sifirit na yi aikin, a tasa, ƙarƙashin madubi, ina ɗaga fatar gefe ɗaya da bakin allura, zare bayan zare, tsakanin hantsi da azahar lokacin da haske ke shigowa ta taga. Na yi fiye da mako. Ranar da guringuntsin ya bayyana, fari mai sheƙi, ya taho tun daga haɓa ya lanƙwasa ya zama kan guduma, na ajiye allurar na je na yi alwala. Na sa shi a kwalbar zuma mai faɗin baki, na cika da sifirit, na toshe murfin da kakin kyandir. Da kwalbar nan, yaron da bai taɓa fita Gobir ba yana ganin abin da masu tono suka je ƙasar Sin nema. In ta bushe yini ɗaya, guringuntsin ya ƙanƙance ya zama zare, aikin ya tafi.

Wannan kwalbar ce Malama Hassu ta roƙa in kawo wa 'yan ajin ƙarshe su gani kafin jarrabawa, tare da sababbin ƙasusuwan rago. Shi ne na aika mata saƙon nan.

Direban bai san likkafa ba. Wa ya san ta yanzu, tunda babur ya kori doki? Kalmar da ya sani mai kama da ita ita ya ɗauka. A wani gari da ke kan hanya, wanda ba za ni ambaci sunansa ba, ya tsaya shan shayi kusa da shingen 'yan sa-kai, ya tambaya ko akwai wanda ya san wata Malama Hassu, don wata Saratu ta ce a gaya mata guduma da uwar maƙera sun samu, saura likkafani, za ta kawo su ranar Laraba.

Ranar Laraba suna jira. Aka tsayar da motarmu, wani dogo mai layu har wuya, wanda suke kira Kwamanda, ya leƙo.

"Wace ta Saratu?"

Na ce ni ce.

"Sauko da kayanki."

Na sauko da ɗan akwatin katako. Ya dube shi, ya dube ni. "Ina uwar maƙerar? Wa za ki kai ma ita daji ya ƙera bindiga?"

Na buɗe kwalba ɗaya na juye a tafin hannuna na miƙa masa. Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓawa.

"Ke, raina muna wayo za ki yi?"

Na ce ƙashin kunnen rago ne, sunansa ke nan.

"To likkafanin hwa? Na wa na?"

"Likkafa na ce. Ta sirdi. Ita ma ƙashi ce a kunne."

Wani saurayi a bayansa ya ce, "Kun ji, doki cikin kunne! Ni kam babur ne cikin nawa, tun jiya yake ƙugi." Suka fashe da dariya, har Kwamanda ya fara sakin fuska. Da a nan aka tsaya da na wuce. Sai ɗayansu ya zaro kwalbar zuma daga cikin zanen da na naɗe ta, ya ɗaga ta a rana. Dariyar ta yanke.

Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Innalillahi. Wanga kan ɗan mutum na."

Na ce tunkiya ce.

"Ina gashi? Ina ƙaho? Tunkiya munka fara gani yau?"

Na ce ba a haife shi ba. Wannan ya ƙara ɓata abin. Aka fara cewa asiri ne, irin wanda ake haɗa wa na daji don harsashi ya ƙi cin su. Wani ya ɗaga gora. Wata tsohuwa a motarmu ta fito da kai ta taga ta ce, "Kai, ɗan nema, aje sandar ga! Na san uwatta, na san kakatta. Ɗiyar ga ko kaza ba ta kora." Direba yana ta roƙo a sake mu kafin hanya ta yi shiru. Suka ce in tafi, kaya su zauna. Abu ɗaya na iya faɗa: kada a buɗe kwalbar, kada a bar ta a rana. Kwamanda ya ce, "Wa za shi buɗe wagga masiha?"

Ban ce kada su yi bincike ba. Mutanen nan sun binne 'yan'uwansu, kuma an sha kama masu kai burodi da fetur daji, har mata a ciki. Na sani, a nan nake zaune. Abin da ban yafe ba shi ne, garin nan babu gidan da ba tunkiya. Rumfar mahauta tana kallon shingen. Fulani suna wucewa da garke safe da yamma, kowannensu ya taɓa ganin ɓarin tunkiya. Babu wanda aka kira. An ji kalma ɗaya a bakin direba, ido ya ga abin da kunne ya riga ya faɗa masa.

Washegari na dawo tare da Malama Hassu. Ita ta iya faɗa, ta yi musu tas. Kwamanda ya ce kaya suna wurin mai gari. Mai gari ya sa aka fito da akwatin. An yage sunayen da na manna, wai rubutu ne ba a san na mene ne ba, an juye kwalaben duka cikin gwangwanin madara ɗaya, na rago da na bushiya da na jemage. Wannan ina iya warewa, na san kowannensu da ido. Na tambayi kwalbar zuma. Ya ce, "Ita sai an bincika, ɗiyata." Na ce wa ke binciken? Ya ce manya. Na ce su wa? Ya kalli Malama Hassu ya ce, "Ashe tana magana."

Na koma Sabon Birni na sami Baba Jatau. Lokacin hanyar nan ba a binta sai dole, a jira motoci su taru, kowa yana salati. Ya ce, "Ke, kan ɗan tunkiya za ki sa a sace ni? Wa za shi biya kuɗin tsohon mahauci?" Amma ya sa hularsa. A zauren mai gari ya tsaya ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na hidda shi da hannuna cikin tunkiyar wani Bahillace. In ɗan mutum na, to ni za ku kama." Aka kira mahaucin garin, Baba Jatau ya kwatanta masa girmansa da yatsa, mutumin ya ce ai kullum suna jefa wa karnuka irinsa. Mai gari ya ce sun yarda, Allah ya ba da haƙuri, kowa yana kuskure.

Na ce, "To a ba ni."

Mai gari ya ce in ga liman.

Liman mutum ne mai sanyin magana. Ya ce shi ba a nuna masa komai ba. An zo an ce masa an kama kan jariri a kwalba, ana kuma cewa wataƙila na dabba ne, me za a yi? Ya ce musu in ana shakka a rufe shi, rufe dabba ba laifi ba ne, barin ɗan Adam a fili kuwa laifi ne. Ya ce, "Da kin zo ranar, da na gani da idona." Na ce ranar an ce mini ana bincike. Ya ce in nemi Ɗan'ige, mai haƙar kabari.

Hanyar maƙabarta ta bi ta gaban firamare. Azuzuwan cike suke da mutanen ƙauyuka da suka gudo, wasu daga wajen Gatawa, tukwane a kan baranda, zannuwa a tagogi. Amai da gudawa sun shiga cikinsu a makon. Na tsaya a bakin shingen ƙaya, tunda mace ba ta shiga, Baba Jatau ya shiga ya kira shi. Ɗan'ige ya fito da ƙasa har gwiwa.

Na gaishe shi, na tambaye shi kwalbar.

"Ni na rufe ta."

"Baba, ka buɗe ta?"

"Ban buɗe ba. Yadda anka kawo ta, da kakinta, hakanan na sa ta."

Kenan tana nan lafiya. Ƙarƙashin ƙasa ba rana, kakin zai riƙe watanni. Na gaya masa haka, da sauri, na gaya masa mai gari ya yarda, liman ya yarda, ga mahaucin da ya fidda shi a tsaye. Na ce ba sai ya wahala ba, ya nuna wurin kawai, Baba Jatau zai tona.

Ya juya ya nuna da haɓa. Can gefen gabas, kusa da wata aduwa, ƙananan tudu ne a jere, sababbi, kowanne bai fi kamu biyu ba, ba alama a kan ko ɗaya.

Ya ce, "Ranar da anka kawo ta, jarirai anka yini kawo min daga makarantar can. Na haƙa, na haƙa, har na bar sanin wane na wane. Ɗaya cikinsu naki na, malama. In ke kin san shi, nuna, in ɗauko dagi."